Me ya sa naman da na kyafa da hayaƙi ya fito da tauri da ɗaci?

Tambaya: Na soma sha'awar gashin nama da hayaƙi a bayan gida a ranakun hutu. Ina da murhun gawayi mai zagaye da murfi. Na gwada ƙirjin sa mai nauyin kusan kilo huɗu, na bar shi awa shida, amma ya fito da tauri, bayansa baƙi, ga ɗaci a harshe. Wutar ma ta ƙi zama wuri ɗaya, ta yi sama ta yi ƙasa. Shin murhun ne bai dace ba, in nemi babba mai ɗakin wuta a gefe?

Amsa: Malam, kada ka sayi komai tukuna. Murhun nan mai zagaye da murfi, irin wanda George Stephen ya fara ƙerawa a Amurka a 1952, ya ishe ka ka fitar da nama mai laushi da ƙamshi, in dai ka san yadda ake bi da shi. Wanda kake hange kuwa, mai ɗakin wuta a gefe, ya fi shi wuyar sha'ani nesa ba kusa ba. Yana cin itace, yana so a tsaya a kansa ana ƙara masa faskare duk bayan rabin awa ko minti arba'in da biyar, kuma in ƙarfensa siriri ne, iska kaɗan za ta kaɗa zafin ya gudu. Wanda bai iya riƙe wuta a ƙaramin murhu ba, babban ciwon kai kawai zai ƙara masa.

Abubuwa uku ka kawo: wutar da ta ƙi zama, ɗaci, da tauri. Na farko da na biyu uwarsu ɗaya, wato iska. Na ukun daban yake, kuma na san za ka yi mamaki: namanka bai wuce dahuwa ba, sauke shi ka yi tun bai kai ba.

Mu fara da wutar. A irin wannan gashi ba a ɗora nama a saman garwashi kai tsaye. Garwashi a gefe, nama nesa da shi, murfi a rufe, zafi da hayaƙi su kewaye naman sannan su fita ta kafar sama. Zafin da ake nema a cikin murhun yana tsakanin digiri 107 da 135 a ma'aunin Salshiyas. In ka ci karo da lambobi irin su 225, 250 ko 275 a rubuce-rubucen Amurkawa, ma'aunin Farenhait ne, daidai da 107, 121 da 135 ke nan. Ni na fi son ka zauna wajen 120 zuwa 130. A nan wuta ta fi ci da tsabta, nama ya fi saurin kaiwa, kuma da wuya wani ya iya nuna maka a faranti bambancinsa da wanda aka gasa a 107.

Abin da masu farawa suka saba yi shi ne su cika murhu da gawayi, su kunna shi gaba ɗaya ya yi ja wur, sannan su koma kokawar rage zafi. Wutar da ta riga ta yi ƙarfi ba ta saukowa da sauƙi, don ƙarfen murhun kansa ya riga ya ɗauka. Sai mutum ya toshe kafofin iska duka, wutar ta shaƙe, zafi ya faɗi, ya ɗaga murfi ya leƙa, iska ta faɗa ciki, garwashi ya sake tashi. Haka za a wuni. Maganinsa shi ne ka jera gawayin da ba a kunna ba a jikin bangon murhun, ya lanƙwasa ya ci kamar kashi biyu cikin uku na kewayen, jeri biyu a ƙasa, biyu a samansu. Ka kunna guda takwas ko goma a waje, in sun soma yin toka a jiki ka zuba su a bakin jerin daga gefe ɗaya. Wutar za ta riƙa bin jerin a hankali, tana cin kaɗan-kaɗan, awanni masu yawa ba tare da ka taɓa ta ba. Wannan tsari ya fi tafiya daidai da dunƙulallen gawayi na masana'anta, saboda girmansu ɗaya. Gawayin itace na asali ya fi zafi, tokarsa kaɗan ce, amma wani babba wani ƙarami, don haka sai ka zaɓi masu kusan girma ɗaya ka matse su sosai kada wutar ta yanke a hanya. A tsakiya, ƙarƙashin inda naman zai zauna, ka ajiye kwanon ƙarfe da ruwan zafi. Ruwan yana shanye zafin da ya yi yawa, yana tare maiƙon da ke ɗiga, yana kuma sa danshi a cikin murhun. Wajen kunna gawayin kuwa, ban da kananzir ko fetur. Warinsu yana kama nama, kuma ba ya fita.

Kafar iska ta ƙasa ita ce ke juya wuta. Ta sama ka bar ta a buɗe, ko aƙalla rabi, ka kuma juya murfin yadda za ta kasance a saman naman, nesa da garwashin, domin hayaƙin ya ratsa ta kan naman kafin ya fita. Ka soma rage ta ƙasan tun zafi yana hawa, wajen digiri 95 ko 100, kada ka jira sai ya wuce inda kake so. In ka taɓa ta, ka ba ta minti goma sha biyar kafin ka sake taɓawa, domin wuta ba ta amsawa nan take. Zafi ya yi wasa da digiri goma sama ko ƙasa, ba abin damuwa ba ne, naman kilo huɗu bai ma san an yi ba. Ka nemi wurin da iska ba ta buga murhun kai tsaye, kuma ka rage leƙe. Duk ɗaga murfi zafi ne ya tsere, iska kuma ta shiga ta zuga garwashi.

Yanzu maganar ɗaci, kuma a nan nake so ka tsaya da kyau, don a nan gizo ke saƙar.

Mutane suna zaton yawan hayaƙi shi ne daɗin nama. Su ga farin hayaƙi mai kauri yana tuƙuƙi daga murfi su ce aiki yana kyau. Wannan hayaƙin shi ne ya ɓata maka nama. Itace ya ƙunshi abubuwa uku manya: selulos, hemiselulos da lignin. Idan ya samu zafi da isasshiyar iska, lignin ɗin yana rushewa ya ba da sinadaran ƙamshi irin su guwayakol da siringol, kuma su ne ainihin abin da hanci da harshe suke kira ɗanɗanon hayaƙi. Irin wannan hayaƙi siriri ne, mai ɗan shuɗi-shuɗi, wani lokaci sai ka ƙura ido kafin ka gan shi. Idan kuwa itacen ya rasa iska, ko ɗanye ne, ko wutar ta yi sanyi, ba ya ci, turara kawai yake yi. Abin da ke fita a lokacin tururi ne gauraye da kunkunniya da wani maiƙo baƙi mai kama da kwalta. Shi ne yake daskarewa a bayan naman, ya yi ɗaci, har ka ji harshenka ya ɗan yi nauyi bayan ka ci. To ka ga alaƙar. Lokacin da kake toshe kafofi don ka rage zafi, musamman ta sama, shaƙe wutar kake yi, kana kuma kulle wannan hayaƙin tare da namanka.

Hancinka ya ishe ka gwaji. Ka kawo fuskarka kusa da kafar sama ka ɗan shaƙa daga nesa. In ya yi maka yaji a ido da maƙogwaro, kada ka sa nama tukuna. Ka jira minti ashirin ko talatin har hayaƙin ya sirance, ƙamshinsa ya yi daɗi. Gawayin da aka kunna yanzu-yanzu ma yakan yi irin wannan farin hayaƙi da farko, don haka gaggawar ɗora nama da zarar wuta ta kama ita ma tana jawo ɗaci.

Itacen ma ba a cika shi. A murhu irin naka gawayi ne ke ba da zafi, itace ƙamshi kawai yake bayarwa. Gutsure uku ko huɗu masu girman dunƙulen hannu sun isa. Ka ɗora su a kan rabin farko na jerin gawayin, da tazara tsakaninsu, wuta ta riƙa iske su ɗaya bayan ɗaya. Hayaƙi ya fi kama nama lokacin da bayansa yake da sanyi da danshi, wato a awannin farko. Da zarar bayan ya bushe ya yi ɓawo, abin da yake ɗauka kaɗan ne. Shi ya sa ma ba sai ka fito da naman daga firji ka ajiye shi sanyinsa ya fita ba, ɗora shi da sanyinsa.

Itacen ya zama busasshe ƙayau, wanda aka faskara aka ajiye wata shida zuwa shekara, danshinsa ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Za ka ji ana cewa a jiƙa itace a ruwa kafin a sa. Ni ban ga amfaninsa ba. Ruwa ba ya ratsa itace mai ƙarfi sai ɗan bayansa, kuma abin da kake gani yana tashi da farko tururi ne, itacen ba zai soma ba da hayaƙi ba sai ya bushe, ga shi ya sanyaya maka garwashi. Game da iri kuwa, itatuwa masu ƙarfi ake so. A cikin itatuwan da Amurkawa suke amfani da su, itacen ok matsakaici ne wajen ƙarfin ƙamshi, ya dace da naman sa. Itacen hikori ya ɗan fi shi ƙarfin ƙamshi. Na tuffa da na ceri suna da sauƙin ƙamshi, sun dace da kaza da kifi. Itacen meskit ƙamshinsa yana da ƙarfi ƙwarai, ba na ba mai farawa shawarar doguwar tafiya da shi. Amma a gaskiya bambancin da ke tsakanin busasshe da ɗanye, ko tsakanin wuta mai iska da shaƙaƙƙiya, ya ninka bambancin da ke tsakanin wannan iri da wancan. Abin gudu shi ne itace mai ƙaro irin su fayin, da duk wanda ba ka san ko mene ne ba, musamman mai farin ruwa a jiki, domin wasu suna da guba. Haka katakon da aka yi wa fenti, ko aka tsoma a maganin gara, ko filawud mai gam a ciki. Wasu magungunan katako har da sinadarin asenik a cikinsu.

Ka kuma juya murfinka ka duba cikinsa. In ka ga baƙin abu yana ɓamɓarewa kamar tsohon fenti, daskararren hayaƙi ne da maiƙo. Ka kankare shi, don yana faɗowa kan abinci.

Sai tauri. Ƙirjin sa tsoka ce mai aiki, ita ke ɗauke da babban kaso na nauyin dabbar, don haka cike take da wani zare mai ƙarfi da ake kira kolajin. Nama kusan kashi 75 cikin ɗari ruwa ne. Idan zafin cikinsa ya kai wajen digiri 60 zuwa 65, kolajin ɗin yana takurewa ya matse ruwan ya fito. A wannan gaɓar naman ya dahu ta fuskar lafiya, amma a lokacin ne ya fi kowane lokaci tauri. Sai ya haura 70 ya daɗe a can sannan kolajin yake narkewa ya koma jelatin, abin nan mai yauƙi da ke sa romon ƙashi ya daskare in ya huce. Jelatin ɗin da narkakken kitse su ne suke ba da laushi da damshin da ake ji a baki. Wannan narkewar kuwa lokaci take ci. Shi ya sa ake kai ƙirji har digiri 93 zuwa 96 a ciki, zafin da in ka kai tsoka mai laushi irin ta gadon baya can, ka lalata ta.

Tsakanin nan akwai wani abu da ke rikita kowa. Wajen digiri 65 zuwa 75, zafin cikin naman sai ya tsaya cak. Awa ɗaya, biyu, wani lokaci har huɗu ko fiye, lambar ba ta motsi. An daɗe ana gardama a kan dalili, wasu suna cewa kitse ne ke narkewa, wasu suna cewa kolajin ne ke shanye zafin. Wani masanin fiziks a Amurka, Greg Blonder, ya gwada: ya sa dunƙulen kitse zalla a murhu, zafinsa ya yi ta hawa bai tsaya ba, ya sa soso da aka jiƙa da ruwa, shi kuwa ya tsaya. Ashe ƙafewar ruwa ce. Yadda zufa ke sanyaya jikin mutum, haka ruwan da ke fitowa bayan naman yake tashi da zafin da wuta ke bayarwa, har shiga da fita su zo daidai. Sai bayan ya bushe sannan lambar ta ci gaba da hawa.

Ƙirji mai kilo huɗu a awa shida yana tsakiyar wannan tsayuwar. Bayansa ya yi duhu, ido ya ce ya yi, alhali ciki bai ko soma sakewa ba. Irin wannan yanki yakan ci awa goma zuwa sha biyu, wani ya fi haka. Ana yin lissafin awa biyu zuwa uku a kowane kilo don tsara yini, amma lissafi ne kawai, domin kaurin nama ya fi nauyinsa tasiri, kuma kowace dabba da nata. Ga yadda za ka bambance nan gaba: wanda bai kai ba, yankansa yana da santsi da tauri, ka ja shi ya ƙi rabuwa. Wanda ya wuce kuwa, marmashewa yake yi a ƙarƙashin wuƙa.

In akwai abin da za ka saya, to ma'aunin zafi ne, na lantarki mai tsinke. Wanda ke manne a murfi yana auna iskar can sama ne, ba ta wurin da naman yake ba, kuma sau da yawa bambancin yana da yawa. Mafi kyau ka samu mai tsinke biyu da waya, ɗaya a kan ragar ƙarfe kusa da naman amma ba manne da shi ba, ɗaya a cikin wurin da ya fi kauri, kada ya taɓa ƙashi ko ya shiga kitse. Ka gwada shi a ruwan ƙanƙara, ya kamata ya nuna sifili. Duk da haka lamba ba ita ce alƙali ba. Daga digiri 90 ka soma soka tsinken a wurare daban-daban. In yana shiga ba tare da turjiya ba ko'ina, ya yi, ko a 92 ne ko a 97. In akwai inda ya cije, mai da murfi.

Hanyar tsallake tsayuwar nan ita ce naɗe naman. In ka naɗe shi tam da takardar alminiyam, wadda masu girki ke kira foyil, ruwa ba shi da hanyar tashi, sai zafin ya ci gaba da hawa, ka rage awanni. Illarsa ɓawon yana yin laushi, naman ya ɗan karkata wajen dafaffe. Masu gashi da yawa a jihar Tekzas ta Amurka sun fi son takardar mahauta mai kauri wadda ba a shafa wa kakin zuma ko roba ba, don tana barin tururi kaɗan ya fita, ɓawon ya tsira. Kowanne ka zaɓa, kada ka naɗe don agogo ya ce. Ka jira ɓawon ya kafu, ka ɗan karce shi da farce ka ga bai biyo ka ba. Yawanci hakan yana zuwa wajen digiri 70 zuwa 75. In namanka mara kitse ne a cikin tsoka, foyil ya fi maka, ka zuba ɗan romo ko narkakken kitse a ciki kafin ka rufe. Wannan batu na kitse babba ne. Kitsen da ke ratsa cikin tsoka kamar zare-zare shi ne ke cetonka a doguwar wuta, na baya ba ya ratsawa ciki, kariya kawai yake yi. Ka rage na bayan ya saura kamar milimita shida.

Duhun ɓawo ba ƙuna ba ne in an yi shi daidai. Ya samo asali ne daga bushewar bayan naman da hayaƙi da kayan da aka barbaɗa, da kuma haɗuwar sinadaran furotin da sukari a cikin zafi, abin da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Don haka baƙi da ƙamshi daidai ne, baƙi da ɗaci shi ne matsala. Kayan shafi kuwa ba sai an cika ba. Gishiri kamar giram 10 a kowane kilo, a barbaɗa tun daren jiya a bar shi a firji, domin gishiri ne kaɗai yake ratsawa can ciki da gaske, sauran kayan ƙamshi a baya suke tsayawa. Sai baƙin masoro mai ɓarzo-ɓarzo. In za ka shafa miya mai sukari ko zuma, ka bari sai minti ashirin ko talatin na ƙarshe, in ba haka ba ta ƙone ta ƙara maka wani ɗacin.

Bayan ka sauke, kada ka sa wuƙa. Ka buɗe naɗin minti goma tururi ya ɗan fita don dahuwar ta tsaya, ka sake rufewa, ka naɗe da tawul ka sa a kula. Awa ɗaya ita ce mafi ƙaranci, biyu zuwa uku sun fi. A wannan hutun kolajin yana ci gaba da narkewa, ruwan da ke ciki yana yin kauri yadda ba zai malale a kan katako ba. Muddin zafin cikinsa bai sauka ƙasa da digiri 60 ba, babu matsala. Sannan ka yanka a gicciyen zaren tsoka, kauri kamar na fensir. Cikakken ƙirji tsoka biyu ce a haɗe, shimfiɗaɗɗiya da mai tudu, zarensu ba hanya ɗaya ya bi ba, don haka in ka kai tsakiya sai ka juya shi. Ka yanka iya wanda za a ci, yankakke saurin bushewa gare shi.

Za ka ga wani jan layi a ƙarƙashin ɓawo, mutane suna ɗaukar hotonsa suna alfahari. Iskar naitirik oksaid da kabon monoksaid da ke fita daga wuta ce take haɗuwa da sinadarin da ke ba nama launin ja, ta hana shi canjawa. Ba shi da ɗanɗano. Ana ma iya ƙirƙirarsa da gishirin naitirait, wanda ake adana nama da shi, ba tare da hayaƙi ba, shi ya sa ƙungiyar gasar gashi ta birnin Kansas Siti a Amurka take gaya wa alƙalanta kada su sa shi a lissafi. In bai fito ba, kada ya dame ka.

Kaza dokarta daban. Ba ta da kolajin mai yawa da za a jira, kuma a ƙaramin zafi fatarta roba take zama. Ka ɗaga murhun zuwa digiri 160 ko 175, gutsuren itace ɗaya ya isa, ka sauke in wurin da ya fi kauri ya kai 74.

Akwai maganar lafiya da ba zan tsallake ba. Lambobin da Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta bayar su ne 74 ga kaji da sauran tsuntsaye, 71 ga niƙaƙƙen nama, 63 da hutun minti uku ga yankin naman sa ko na rago. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 4 da 60, don haka gasasshen nama kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafin gari ya haura 32, awa ɗaya. Kada ka ɗora daskararren nama a ƙaramar wuta, ka narkar da shi a firji tukuna. Murhun gawayi a fili ake kunna shi, ba a ɗaki ko gareji ba, ko da ruwan sama ya kore ka, domin kabon monoksaid ba shi da wari ko launi, kuma yana kisa. In wata rana ka yi sha'awar haɗa murhu da kanka, ka guji ƙarfen da aka lulluɓe da zinki da gangar da ta taɓa ɗaukar sinadari. Kyafa da hayaƙi mai sanyi, ƙasa da digiri 30, wani fanni ne daban mai haɗarin botulizim, wato gubar da wata ƙwayar cuta ke saki a abinci, yana buƙatar gishirin naitirait da awo na ƙa'ida, ka bar shi sai ka yi karatunsa. A 2015 kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa, har da kyafaffe, cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji na hanji, wato yawan ci a kai a kai yana ƙara haɗarin. Maiƙon da ke ɗiga kan garwashi ya tashi da baƙin hayaƙi, da naman da ya ƙone ƙurmus, suna cikin hanyoyin da sinadarai masu illa ke hawa kan abinci. Kwanon ruwan nan da wuta mai tsabta suna rage wannan.

Shawarata, ka ajiye ƙirji tukuna. Yanki ne mai wuyar kai, gefe ɗaya siriri gefe ɗaya kauri, ɗan kuskure kaɗan sai siririn ya bushe. Ka nemi kafaɗar rago, ko tsokar kafaɗar sa mai kilo biyu, ko haƙarƙarin sa mai nama da yawa. Suna da kitse da kolajin a wadace, suna yafe kuskure, kuma a awa shida zuwa takwas sun kai. Kafin nan ma, ka kunna murhun rana ɗaya babu nama, ka zauna kusa da shi awa uku kana kallon yadda yake amsa kafar iska. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta nauyin nama, yawan gawayi, yadda ka buɗe kafofi, yanayin iska, da lokacin da zafi ya tsaya da lokacin da ya tashi, domin kowane murhu da halinsa, kuma abin da ya yi wa wani daidai ba lallai ya yi maka ba.

Ran da za ka koma kan ƙirjin, ka ƙirga baya daga lokacin cin abinci: awa sha biyu ta wuta, biyu ta hutu, ɗaya ta kunnawa da jiran hayaƙi ya gyaru. In da yamma za a ci, tun kafin asuba za ka tashi. Jeri ɗaya na gawayi ba lallai ya kai ka ƙarshe ba, don haka ka tanadi ƙari, ka jona shi a wutsiyar jerin lokacin da ka buɗe don naɗe naman. Da zarar an naɗe shi kuwa hayaƙi ya gama aikinsa, in gawayi ya ƙare maka kana iya ƙarasa shi a oban na kicin a digiri 125.